Wasiƙar godiya ga Sashen Walwalar Jama'a na ƙaramar hukumarmu

Zuwa ga Shugaba da ma'aikatan sashen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, na rubuto wannan wasiƙa a madadin ƙungiyar matasan ƙauyenmu da ke gaɓar kogin Haɗeja, kuma na zaɓi in fitar da ita a bainar jama'a ne domin aikin da kuka yi mana a bainar jama'a kuka yi shi. Muna godiya bisa tafiyar kwana uku da ofishinku ya shirya wa samari da 'yan matanmu a ƙarshen bazarar bana, inda suka zagaya ƙauyukan fadama suna faɗakar da mutane kan shirin tarbar ambaliya, sannan aka kai su suka ga gandun dajin tsuntsaye na Baturiya da birnin Haɗeja.

Duk wanda ya rayu a wannan yanki bai manta da daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shanye gonakin shinkafa, ya rushe gidajen ƙasa, ya datse hanyoyi, har mutane suka koma kwana a azuzuwan makarantu. Abin da muka saba gani shi ne taimako ya zo bayan ɓarna, da tabarmi da buhunan abinci, kuma ba mu raina wannan ba. Amma a wannan karon kun zo tun ƙasa na bushe, kuma kun ɗora saƙon a bakin 'ya'yan mutanen da ake son su ji, wanda a ganina shi ne dalilin da ya sa aka saurara.

Kafin a tashi, jami'inku ya zaunar da matasan ya zana musu hanyar ruwan a ƙasa da tsinke. Ya nuna musu yadda kogin Kano, wanda madatsar Tiga ta tare tun 1974, yake haɗuwa da kogin Challawa, wanda aka yi wa tasa madatsar a 1992, su zama kogin Haɗeja, ya ratsa ta Wudil da Ringim ya gangaro mana. Ya bayyana musu cewa ruwan da ke cin gonarmu sau da yawa ba a kanmu ya zuba ba, domin yana iya kwana da kwanaki a hanya, don haka garau ɗin sararin sama ba hujja ba ce ta sakin jiki. Ya kuma yi bayanin kachalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa har ta sa kogi ke fasa gefe ya bi inda bai saba bi ba, ga kuma tsuntsayen jan-baki da ke samun maɓoya a cikinta. Da yawa daga cikin yaran sun tashi suna ganin kachalla kullum, amma ranar ce suka fara haɗa ta da rushewar katangar gidansu.

A kowane ƙauye sai da aka fara gaida dagaci da masu unguwanni, aka nemi izini, kana mai shela ya tara jama'a. Samari suka tsaya a ƙofar masallaci da bakin kasuwa suna bayani kan gyaran jinga da buhunan yashi tun kafin marka, da yashe magudanan ruwa, da sanin tudun da za a nufa idan an ce a tashi, da ɗaga iri da hatsi daga ƙasa, da kuma daina cika kwalekwale fiye da kima. 'Yan matan kuwa, tare da malamar lafiya da kuka haɗa su da ita, su ne suka yi sallama cikin gidaje inda namiji ba ya shiga. A can suka nuna wa iyayenmu mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan amai da gudawa ya ɓulla, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, da yadda za a naɗe takardun gona da katin asibiti a leda a rataye su sama. An kuma ja kunnen kowa kan kwasar man fetur idan tanka ta faɗi, domin raɗaɗin abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, inda mutum sama da 150 suka rasu, bai bar zukatanmu ba.

Akwai abu ɗaya da na gani da idona wanda ba zan manta ba. A wani ƙauye wani dattijo ya katse bayanin wani yaronmu, ya ce ambaliya ƙaddara ce, babu mai tare ta. Yaron ya daburce. Sai jami'inku ya rusuna ya ce, "Baba, gaskiya ne, amma Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tun kafin ruwa ya sauka ya sassaƙa jirgi." Dattijon ya yi shiru, can ya miƙe ya kama hannun yaron, ya kai shi bayan masallaci ya nuna masa zanen da ruwan 2022 ya bari a jikin bango, daidai ƙirjinsa. A nan aka yanke shawarar kafa sanda mai alamar fenti a bakin kogi, aka kuma wakilta masunta biyu su riƙa duba ta safe da yamma su kai wa dagaci labari.

Wasu iyaye sun yi ƙorafi da farko cewa yawon buɗe ido da aka saka a tafiyar ɓata lokaci ne. Ni ban yarda da su ba, kuma bayan dawowar yaran su ma sun sauya ra'ayi. A Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, matasan sun tsaya da sassafe a ƙarƙashin goruba suna kallon zalɓe da balbela da kirinjijiya a bakin sauran ruwan da rani bai ƙafar ba, ma'aikacin dajin yana gaya musu cewa a lokacin hunturu tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su sauka a wannan dausayi. Ya nuna musu cewa malalar ruwan da muke tsoro ita ce take cika tafkunan da ke riƙe kifi da makiyaya da noman rani. A Haɗeja kuma sun ga ƙofar fada, suka ji tarihin Sarki Muhammadu Mai Shahada da ya tsaya wa Turawa a 1906, suka kuma zagaya kasuwar kifi.

Muna yaba yadda kuka kula da amanar 'ya'yanmu, musamman ware wa 'yan mata masauki tare da dattijuwa, da tsayawa a kan lokacin salla, da dawo da kowa gida lafiya. Roƙonmu shi ne ku taimaka wa masu fito da rigunan kariya daga nutsewa kafin kogi ya kawo, kuma idan hasashen daminar da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa ya iso gare ku, a riƙa aiko mana da shi cikin Hausa. Matasan sun kuma roƙi in isar muku cewa suna fatan a mayar da su Baturiya a cikin hunturu.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba mu damina mai albarka.

Naku cikin girmamawa,
Sakataren ƙungiyar matasa, a madadin iyaye da mambobi.