Kira ga jami'o'inmu: a buɗa ɗakunan gwaji da ƙuda da ɗan tsiro

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi kira ga hukumomin ilimi mai zurfi na ƙasarmu a kan wata buƙata da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ɗalibanmu na fannin kimiyyar halittu suna haddace dokokin gado a kan allo, amma kaɗan ne daga cikinsu suke samun damar haɗa aure tsakanin halittu biyu su ƙirga ƴaƴan da hannunsu, alhali kuwa masana sun daɗe da zaɓar wasu ƙananan halittu masu saurin haihuwa da sauƙin kiwo domin su tsaya a madadin mutum da dabba da amfanin gona a ɗakin gwaji.

Ƙaramin ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro, wanda masana ke kira Drosophila, shi ne ya fi dacewa da mu. A 1910 Thomas Hunt Morgan ya tsinci namiji mai farin ido cikin ƙudajensa masu jan ido a Jami'ar Columbia ta Amurka, kuma ta bin diddigin zuri'arsa ya nuna cewa ƙwayoyin gado suna zaune ne a kan kuromozom, wato wasu ƴan zare da ke cikin ƙwayoyin halitta, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1933. Daga ƙwai zuwa balaga kwana 10 ne kawai, abincinsa garin masara da sukari da yis, gidansa kwalba. Kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka sani suna haddasa cuta ga ɗan Adam suna da takwarorinsu a jikinsa. Ɗalibi zai iya ganin jikoki da tattaɓa-kunnen ƙudajensa kafin zangon karatu ya ƙare. Matsalar ɗaya ita ce zafi, domin ƙudan yana son maki 25, mazansa kuma suna daina haihuwa idan aka kai 30, saboda haka a Yamai sai da akwatin sanyaya da farantan hasken rana da za su riƙe shi lokacin da kuran ya yanke.

Na san manomi zai tambaya mene ne ruwansa da wannan, kuma tambayarsa tana bisa hanya. Amsar tana cikin ƙuduji, wanda ke shanye hatsi da dawa tun suna ƙarƙashin ƙasa. Irinsa yana iya kwanciya a gona fiye da shekara 10 ba ya tsira, har sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsin ke fitarwa. Nazarinsa kai tsaye yana da wuya, tunda ba ya rayuwa sai a jikin wani tsiro. Sai masana suka koma ga Arabidopsis, ɗan tsiro dangin kabeji da ba a ci ba a sayarwa, wanda ke ba da iri cikin mako 6 zuwa 8, kuma shi ne tsiro na farko da aka karance ƙwayoyin gadonsa a shekarar 2000. A 2015 masu bincike a Toronto ta Kanada suka ɗauki ƙwayoyin gadon da ƙuduji ke jin wannan sinadari da su suka dasa a cikinsa, suka gano wanda ya fi kaifin ji. Irin wannan sani ne ke taimaka wa masu neman maganin da zai yaudari irin ƙuduji ya tsira a gonar da ba a shuka ba, ya mutu da yunwa. Abin yana yi mini ciwo cewa annobar tana gonakinmu, amma tambayar a wata nahiya aka yi ta.

Shi kuwa ɓera, wanda shi ma masana ke gwaji da shi a madadin mutum, sai a bi shi da hankali. Gudummawarsa ba ta ɓoyuwa: a 1948 aka gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta ɓeraye a Katanga ta Kwango, kuma a kan ɓeraye masu zazzaɓi Tu Youyou ta ƙasar Sin ta gwada ruwan tsiron da aka fitar da artemisinin daga gare shi a 1971, maganin da ake ba ƴaƴanmu a likita yau. Sai dai kiwonsa yana da tsada, kuma yana jin zafi kamar yadda muke ji. Addinin da ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa har ta mutu ba zai yarda a azabtar da dabba ba gaira ba dalili ba. A bar wannan aiki a hannun cibiyoyi irin su CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, ƙarƙashin kwamitin da zai tantance kowane gwaji kafin a fara.

Kada kuma a ɗauka abin da aka gani a kwalba ya zama hukunci a gona ko a gadon majinyaci, domin Arabidopsis ɗan ƙasar sanyi ne, hatsi kuwa hanyar da yake sarrafa hasken rana ma daban take. Tunda an karance ƙwayoyin gadon hatsi a 2017 a ƙarƙashin jagorancin ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda ke da tasha a Sadore kudu da Yamai, roƙona shi ne kowace tsangayar kimiyya ta ware ɗaki ɗaya na ƙuda da tsiro, a horar da ma'aikacin da zai kula da shi, sannan a ƙulla yarjejeniya da ICRISAT da INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, domin ɗaliban da suka ƙware a nan su je su gwada abin da suka gano a kan hatsinmu da wakenmu.

Wassalam.

Daga wani malamin kimiyyar halittu,
Yamai