Hayaƙin sigari a gidan mai ciwon asma

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da magidantan da ke shan sigari alhali akwai mai asma, wato fuka, a gidansu. Da yawa suna ganin in sun koma bakin taga ko sun kunna fanka, to sun fita hakkin yaro. Ba su fita ba. Fanka zagaya hayaƙin kawai take yi da shi a ɗaki, kuma yana lafewa a labule, katifa, kujerun mota da rigar mai sha. Uban da ya gama busawa a zaure ya shigo ya ɗauki ɗansa, da ragowar hayaƙin ya ɗauke shi.

Bututun numfashin mai asma dama a kumbure suke ta ciki, abu kaɗan ke tunzura su. Hayaƙin taba kuwa yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000. Da ya shiga sai naman da ke kewaye da bututun ya tsuke, majina ta ƙaru, ƙananan gashin da ke share ta su raunana. Daga nan tarin dare da kukan ƙirji ke tasowa. Yara sun fi jin jiki, don bututunsu ƙanana ne, numfashinsu kuma ya fi na manya sauri.

Ga abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Maganin shaƙa iri biyu ne: shuɗin nan, salbutamol, mai buɗe ƙirji nan take, da na kariya, kamar beclomethasone, wanda ake shaƙa kullum don ya kwantar da kumburi. Mai asmar da ke shan taba, na kariyar ba ya yi masa aiki yadda ya kamata. Sai ya ce maganin jabu ne, ya watsar, ya dogara da shuɗin kaɗai. Duk wanda ke bukatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ciwonsa bai kwanta ba, ya koma wurin likita. Shisha ma kar a ruɗu da ruwan da ke cikinta, bai tace komai na a zo a gani ba, ga kuma hayaƙin gawayi a kai. Haka turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa, duk a fitar da su daga ɗakin da mai asma ke kwana.

In ciwon ya tashi, a fitar da shi daga hayaƙin, a zaunar da shi a miƙe, kar a kwantar. A girgiza shuɗin, a sa masa a baki, a fesa sau ɗaya yana jan numfashi, a jira kamar minti ɗaya, a sake, har zuwa sau 10. In numfashi ya hana shi ƙarasa magana, ko tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko leɓɓansa sun canza launi, a nufi asibiti nan take, ana ci gaba da fesawa a hanya.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da motocin haya, amma a tashoshinmu direba na busawa da fasinja a cikin mota. Don Allah jaridarku ta tambayi shugabannin ƙungiyoyin direbobi wa ke sa ido a kan wannan.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Katsina.