Rahoton Ayyukan Shekara: Tura Samfur Tsakanin Ɗakunan Gwajinmu na Jos da Kewaye

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa membobi, assalamu alaikum, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya.

Ga rahoton ofishin sakatare. Tarurrukan wata-wata sun gudana yadda tsarin mulkinmu ya tanada, an je barka da ta'aziyya inda ya kamata, lissafin kuɗi kuwa ma'aji zai karanta nasa bayan nawa. Abin da ya fi cin lokacinmu da ƙarfinmu bana shi ne aikin da babban taron bara ya ɗora mana, wato haɗa manhajojin ɗakunan gwajin membobi yadda samfur zai tashi daga wani ɗaki zuwa wani ba tare da bayaninsa ya salwanta a hanya ba. A kansa zan tsaya.

Dukkanmu mun san abin da ya kawo maganar. Babu wani a cikinmu da ya mallaki na'urar kowane gwaji. Mai ƙaramin ɗaki a Gangare ko Unguwar Rogo zai duba maleriya, suga da rukunin jini, amma da likita ya rubuta gwajin ƙoda ko na hanta, dole ya aika wa ɗan'uwansa mai na'ura. A da, sai a cika fom da hannu, a rubuta suna a jikin kwalba da biro, a ba ɗan saƙo ya hau Keke Napep. Idan daga Mangu ne ko Pankshin ko Shendam, direban tasha ake damƙa wa. Sakamako ya dawo a hoto ta WhatsApp, a sake kwafa da hannu. Duk inda aka kwafa, nan kuskure yake samun ƙofa, balle a gari irin namu da za ka karɓi mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a yini guda. Idan kuma kwalba ta ɓace, babu mai sani sai majinyaci ya dawo karɓar sakamako.

Jos ba baƙuwar wannan al'amari ba ce. A 1969 aka kawo wata nas daga garin Lassa, a Borno ta yau, zuwa asibitin mishan a nan Jos, ta rasu, wasu abokan aikinta suka kamu. Jinin da aka ɗiba sai da ya je Jami'ar Yale a Amurka kafin a gano ƙwayar cutar da duniya ke kira zazzaɓin Lassa. A 1970 cutar ta kashe Dokta Jeanette Troup, likitar da ta duba su. Na kawo wannan ne don matasanmu su san cewa kwalbar da suke sa wa sitika tana iya ɗauke da abin da ya fi ƙarfin ɗaki guda.

Yadda tsarin ke aiki yanzu a ɗakunan da aka haɗa shi ne: wanda ya ɗebi jini zai shigar da buƙatar a kwamfuta tun majinyaci na zaune, manhaja ta ba samfur lambarsa, a buga sitika mai layi-layi a manna wa kwalba. Nan take buƙatar ta bayyana a allon ɗakin da zai karɓa, tare da irin gwajin, irin kwalbar da lokacin ɗiba. Ana haska sitikar idan samfur zai fita, a sake haskawa idan ya isa. Bayan masanin gwaji na can ya tantance sakamako ya sa hannu, sai ya koma kai tsaye cikin manhajar wanda ya aiko, babu mai sake bugawa. A ganina babbar ribar ita ce labarin samfur yana riga samfur isa. Idan an ce kwalba takwas na tafe aka ga bakwai, a ranar za a buga waya, tun majinyaci bai yi nisa ba.

Sai dai haɗin bai zo da sauƙi ba, kuma wahalar ba ta waya ko kwamfuta ba ce. Membobi manhajoji daban-daban suke amfani da su, wasu na waje, wasu samarinmu na gida suka rubuta, kowace da sunan da take kiran gwaji. Akwai ƙa'idar musayar saƙon asibiti da ake kira HL7, wadda ta samo asali tun 1987, akwai kuma kundin lambobin gwaji na LOINC da Cibiyar Regenstrief ta Amurka ta fara a 1994, kuma kyauta ne. Amma ƙa'ida ba ta zama ta jera maka gwaje-gwajenka. Kwamitin fasaha ne ya riƙa zama ranakun Asabar, ana bin gwaji ɗaya bayan ɗaya, ana daidaita suna, ma'auni da iyakar abin da ake ɗauka lafiya. Misalin suga ya ishe mu: wani ɗaki yana rubuta mg/dL, wani mmol/L, tsakaninsu kuwa ninki 18 ne. Wanda aka auna masa 126 a na farko, 7.0 ne a na biyu. Idan lamba ta tsallaka ba tare da ma'auninta ba, likita zai iya ganin 7 ya zaci sugan mutum ya faɗi warwas, alhali yana bakin iyakar ciwon suga ne. Saboda haka kwamiti ya yanke cewa duk gwajin da ba a daidaita ba, ba za a buɗe masa hanya ba, ko da mai ɗakin yana gaggawa. Wasu sun ji haushin jinkirin. Ina ganin kwamiti ya yi daidai, kuma ina roƙon taro ya yaba musu, domin ba a biya su ko sisi ba.

Abu na biyu da tsarin ya fito da shi fili shi ne lokaci. Da ba mu rubuta sa'ar ɗiba, yanzu manhaja ba ta barin ka wuce sai ka sa. Da aka fara gwada lokacin ɗiba da lokacin isa, sai muka ga jinin safe yana kaiwa la'asar a tasha ana jiran mota ta cika. Jinin da ba a raba ruwansa da ƙwayoyinsa ba, sugansa yana raguwa da kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa, sai fa an sa shi a kwalba mai murfin toka. Fotasiyam kuwa hawa yake yi, sanyi ma ƙara masa hawa yake, don haka ɗora jini ɗungurungum a kan ƙanƙara ba gata ba ne. Akwai masu cewa ai Jos garin sanyi ne, samfur ba ya lalacewa. Bayan mota da tsakar rana a watan Maris bai san da wannan magana ba, balle hanyar Langtang da Shendam inda zafi yake da gaske. A bitar da muka shirya wa ma'aikatan membobi an nanata raba jini kafin a aika, ajiye abin da ke buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, da naɗi mai hawa uku: kwalbar samfur, mazubi na biyu mai abin tsotse ruwa, sannan kula ta waje. Ɗakin da ya ƙi karɓar samfur kuma dole ya zaɓi dalili a manhaja, ko jini ya fashe, ko ya yi kaɗan, ko kwalba ba ita ba ce, ko ya makara. Wannan ya rage gardama tsakanin 'yan'uwa ƙwarai.

Ina tunatar da mu iyakar wannan hanya. Duk wanda ake zargin Lassa, samfurinsa ba ta manhajarmu zai bi ba. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ake sanarwa nan take, samfur ya bi tsarin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda babban ɗakin gwajinta yake Gaduwa a Abuja. Kakin tarin fuka da jinin auna ƙwayar HIV su ma suna da tsarin jigilarsu na ƙasa, NISRN, da aka ƙaddamar a 2018. Namu na gwaje-gwajen yau da kullum ne tsakanin membobi.

Batun sirri ba abin wasa ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Don haka kowane ma'aikaci da nasa mabuɗin shiga, ba a aro, kuma ɗakin da ya karɓa ba ya ganin komai sai abin da aikinsa ke buƙata. Tura hoton sakamako a waya ya kamata ya zama tarihi a tsakaninmu. Ƙa'idar ingancin ɗakunan gwaji ta duniya, ISO 15189 ta 2022, ta nuna cewa alhakin isar da sakamako ga likita yana wuyan wanda ya aika, kuma a bayyana cewa a wani ɗaki aka yi gwajin. Takardunmu yanzu suna nuna hakan, abin da zai taimake mu ranar da masu duba aiki na hukumar kula da ɗakunan gwaji ta ƙasa, MLSCN, suka zo.

Wuta da sabis sun ba mu wahala, kamar kowa. Manhaja tana riƙe buƙata har sabis ya dawo, fom na takarda kuma yana bin kowace kula.

Inda ba mu kai ba shi ne kudancin jiha. Filato ƙananan hukumomi 17 gare ta, amma haɗinmu bai wuce Jos da Bukuru da wasu ɗakuna na shiyyar tsakiya ba, alhali na nesa su suka fi buƙata. Kuɗin kwamfuta, na'urar buga sitika da sola sun yi wa ƙananan ɗakuna nauyi. Akwai kuma fargabar da wasu suka faɗa mini a keɓe, cewa manyan ɗakuna za su ga sunayen majinyatansu su janye musu kwastomomi. Fargaba ce mai tushe, bai kamata a share ta ba.

Saboda haka kwamitin zartarwa yana gabatar wa wannan taro buƙatu uku don a kaɗa ƙuri'a bayan rahoton ma'aji: a rubuta yarjejeniyar da za ta hana ɗakin karɓa tuntuɓar majinyacin wani, a ware wani kaso na kuɗin wata-wata don ba ƙananan ɗakuna rancen kayan aiki, farawa da na Shendam da Langtang, sannan a tsayar da wanda zai biya kuɗin mota idan an ƙi karɓar samfur, domin majinyaci ne yake biya sau biyu a halin yanzu.

Na gode, Allah Ya maimaita mana.

Sakataren ƙungiya