Kafin ka tura bidiyon nan, duba rigar jarumin tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya tsaya min a rai. Kwanaki wani abokina ya turo min bidiyo na minti uku a waya, ya rubuta a ƙasa wai "ashe fim ɗin nan da kake ta yabo haka yake?" Na buɗe sai ga jarumai biyu maza na wani fim mai dogon zango da na kalla daga farko har ƙarshe, an ɗora waƙar soyayya mai sanyi, wannan ya kalli wancan, wancan ya sunkuyar da kai, sai a nuna hannu ya dafa kafaɗa an rage gudun hoton, wallahi in ba ka san fim ɗin ba rantsuwa za ka yi masoya ne. To ni sana'ata haɗa bidiyo ce, sai na tsayar da shi ina bi a hankali. A yanka na farko rigar mutumin shuɗiya ce, a na biyu ta koma baƙa, har sumarsa ta ƙaru. Kallon nan da ya ruɗa abokina, a asalin fim ɗin gawar mahaifinsa yake kallo, shi kuma mai sunkuyar da kan daga can zango na uku aka ɗauko shi, a ranar ma ba sa gari ɗaya.

Abin nan fa ba yau aka fara ba, kuma ya kamata masu karatu su sani. A Amurka ya samo asali, wajen masoyan Star Trek, shirin talabijin da aka fara nunawa a 1966. Tun shekarun 1970 wasu daga cikinsu, yawanci ma mata ne, suke rubuta labarai suna mai da abotar Kirk da Spock, manyan jaruman shirin biyu maza, soyayya, suna rubuta K/S, daga wannan karkatacciyar sandar da ke tsakanin haruffan ne aka samo sunan da suke kiran abin da shi, wato slash. A 1975 wata mata Kandy Fong ta fara jera hotunan shirin a majigi tana kunna waƙa a kaset, daga baya da bidiyon kaset ya shigo gidaje sai mutum ya jona na'ura biyu, ɗaya na kunnawa ɗaya na ɗauka, ya yi kwana da kwanaki kan waƙa ɗaya tal. A lokacin a tarukansu suke nunawa junansu, kowa a ɗakin ya kalli shirin, kowa ya san wannan haɗi ne ba asali ba.

Da YouTube ya zo a 2005 sai katanga ta faɗi. A 2006 wani irin wannan bidiyon na Kirk da Spock ya bazu a intanet ba da izinin waɗanda suka haɗa shi ba, ya faɗa hannun mutanen da ba su san kan labarin ba. Yanzu kuwa yaro da waya da manhajar CapCut zai gama a awa ɗaya abin da a da sai an yi makonni, ya watsa a TikTok babu ko layi ɗaya na bayani.

Dabarar kanta tsohuwa ce, duk wanda ya koyi editin ya san gwajin Lev Kuleshov, wani mai shirya fim na Rasha, sama da shekara 100 da suka wuce, fuskar ɗan wasa guda ɗaya ya haɗa da kwanon miya aka ce yunwa yake ji, ya haɗa ta da akwatin gawa aka ce baƙin ciki ne, ya haɗa ta da mace a kishingiɗe aka ce sha'awa ce, alhali fuskar ba ta canza ba ko kaɗan. Idon mai kallo ne ke cike gurbin, waƙa kuma ita ke ƙarasa aikin.

Ni ba na haɗa irin wannan bidiyon kuma ba shi nake nema in kalla ba, amma ba muhawarar soyayyar jinsi ɗaya ce ta kawo ni ba, kowa ya san matsayinsa a kai. Su masu haɗa irin bidiyon cewa suke fassara ce, yadda suka fahimci labarin ke nan, har a 2007 suka kafa ƙungiyar da ke kare irin ayyukan nan, a 2010 kuma hukumomin haƙƙin mallaka na Amurka suka sassauta dokar cire gajerun yanki daga faifan DVD don bidiyon da ba na kasuwanci ba. To mun ji, fassara ce. Amma ai mai fassara yakan faɗa cewa fassara ya yi. In ka cire sunanka, ka cire bayani, ka bar abu yana yawo kamar daga kamfanin fim ya fito, wannan kuma ya zama yaudara.

Inda abin ya fi min ciwo shi ne in aka bar jaruman labari aka koma kan 'yan wasan su kansu, a yanko hirarsu da 'yan jarida, wani ya yi dariya ya jingina da abokin aikinsa, shi ke nan an ɗora waƙa an yanke hukunci kan rayuwar mutum mai iyali da mutunci. Kirk da Spock ba sa jin zafi don ƙagaggu ne, amma ɗan wasa mutum ne, 'ya'yansa ma suna da waya.

Roƙona Malam Edita, ku ware ko rabin shafi ne ku riƙa nuna wa mutane yadda ake gane bidiyon haɗi, a duba kaya, a duba haske, a lura ko su biyun sun taɓa fitowa tare a hoto ɗaya, a tambayi kai me ya sa aka kashe muryoyinsu aka sa waƙa. Abokin nan nawa na tura masa asalin wurin da gawar uban, ya kira ni yana ta salati, amma kafin nan ya riga ya tura wa mutum goma sha.

Na gode.

Naku, wani mai karatu mai sana'ar haɗa bidiyo