Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya tambaya ko Damagaram hamada ce

Malam, assalamu alaikum. Ya aiki, ya ɗalibai?

A filin rediyon nan ka aiko daga Kano kana tambayata: in jihar Damagaram ba hamada ba ce, don me kullum labarinmu na ƙishirwa ne? Lokaci bai bari na amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na rubuto.

Faɗin jihar nan ya haura murabba'in kilomita 140,000, kusan ninki bakwai na jiharku. Agadas na arewa da mu, Diffa gabas, Maraɗi yamma, a kudu kuma muna iyaka da Katsina, Jigawa da Yobe. Kano ma ta fi mana kusa da Yamai: ku wajen kilomita 240, Yamai kusan 900. Ƙasa mai girman haka ba a yi mata hukunci da kalma ɗaya.

Ka shigo ta Magarya ko Matamai ka gani. Gonakin gero da wake da gyaɗa, gawo tsaye a ciki birjik. A kwarin Korama gaba biyu ko uku za ka haƙa ka taras da ruwa, shi ya sa rake da rogo da lambuna ba sa yankewa har da rani. Arewa da birnin Zinder, hedikwatar jihar, akwai Damargu, ƙasar Tanut, inda damina ke gajarta. Daga nan sai filin makiyaya, sannan Tasker, sai dutsen Tarmit da rairayin Tin Tumma, waɗanda aka killace a 2012 don kare namun daji. Can ce hamadar da kake nufi, kuma tana da yawa, ban musa ba.

Amma ƙishirwar birnin Zinder ba daga hamada take ba, Malam. Daga dutse take. Garin zaune yake a kan fa, ga manyan duwatsu nan jibge a unguwar Birni, yara na hawa suna sauka. Ruwan sama in ya sauko ba ya samun inda zai kwanta a ƙarƙashin ƙasa. Ƙarancin ruwan nan na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da hedikwatar Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake turo mana shi, daga Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram, gari kuwa kullum ƙaruwa yake. In bazara ta tsaya, sai ka ga jarkoki jere a bakin famfo tun kafin asuba, 'yan garuwa na tura kura lungu-lungu.

In kana son nuna wa ɗalibanka inda rairayi ke cin ƙasa da gaske, ku duba gabas, wajen Gure. Kwarurrukan da ake samun dabino da kanwa su tudun yashi ke binnewa sannu a hankali, mutane na kafa shingen kirare don tare shi.

Ka gaida ɗalibai.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa, Zinder