Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Sufuri na Kamaru kan batun sa wa layin dogo lantarki

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka daga Ngaundere, inda dogon da ya taso daga Duwala ya tsaya tun 1974. A nan ake sauke shinkafa, siminti da takin zamani a ɗora wa manyan motoci zuwa Garwa, Marwa, Kusiri har Injamena, a nan kuma ake loda shanu da auduga su gangara kudu. Duk abin da ya taɓa wannan layi ya taɓa farashin abincinmu, shi ya sa nake sa baki a muhawarar ko jiragen kaya su bar gazuwal, wato man dizal, su koma lantarki.

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Tun gobarar matatar mai ta Limbe a 2019, man da muke ƙonawa daga waje ake sayo shi da kuɗin ƙetare, alhali madatsar Nachtigal mai megawat 420 tana bakin kogin Sanaga, kusa da inda dogon yake wucewa. Kan jirgi mai lantarki ya fi ƙarfin ja a hawa, kuma hawan tudun Adamawa da taragu cike ba ƙaramin aiki ba ne. A gangara ma, birkinsa yana iya mayar da wuta cikin waya. Ga sauƙin gyara, ga rashin hayaƙi. Ni kaina ina fatan ganin wannan rana.

Amma ranka ya daɗe, da wace wuta? Arewa na rataye ne a kan madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda ta fara aiki tun farkon shekarun 1980. In ruwan Binuwai ya ja baya da rani, tela ya naɗe hannu, mai injin niƙa ya rufe shago, mai sayar da ƙanƙara ya zubar da ruwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafi, amma ba su rufe giɓin ba, aikin madatsar Bini a Warak da ke kusa da mu kuwa ya daɗe yana jan ƙafa. Jirgin gazuwal ko an ɗauke wuta yana tafiya. Na lantarki in wuta ta yanke masa a dajin da ke tsakanin Belabo da Ngaundal, can zai tsaya da shanu cikin taragu babu ruwan sha, kuma tunda layin ɗaya ne tal, duk na bayansa sun tsaya. Habasha da Jibuti sun buɗe nasu mai lantarki a 2016, sun kuma sha fama da yankewar wuta da ɓarayin waya.

Sai kuɗi. Kafa turaku da waya da tashoshin rarraba wuta a kan sama da kilomita 600 daga Yawunde zuwa nan ba ya mayar da jari sai jirage na bin juna dare da rana. Namu tsohon layi ne mai faɗin mita ɗaya, kuma akwai wuraren da dole direba ya lallaɓa. Hatsarin jirgin ƙasa na Eseka a 2016, inda mutum 79 suka rasu, har yau bai bar zukatanmu ba. Lafiyar dogo da birki ita ce gaba da komai.

Don haka roƙona shi ne a bi abin daki-daki. A kammala gyaran layin Belabo zuwa Ngaundere. Ku zauna da takwaranka na makamashi a gaggauta haɗa wutar kudu da ta arewa, gidaje da shaguna su fara ƙoshi. In za a gwada lantarki, a fara tsakanin Duwala da Yawunde, inda kaya suka fi yawa. Sabon layin da ake shirin kaiwa Injamena kuma, a zana gadojinsa da tashoshinsa tun yanzu yadda za su karɓi waya nan gaba. Sannan a fito da lissafin kuɗin a fili, ’yan kasuwa da fataken shanu na arewa su gani kafin a rattaba hannu kan wani bashi.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Ngaundere