A bar wa zango ɗan filin lambu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka isar mana da wannan ga sarakunan zango da 'yan majalisar Asokore Mampong: ba kowane fegi da ya rage a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi ne sai an dasa masa kwantenar shago ba. A yanka wa dattawa da matasa 'yan kwamai. Mai hawan jini ko ciwon suga da likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ga motsi nan har da ganyen miya. Wanda zaman ɗaki ɗaya da iyali ya ƙuntata wa rai kuwa, ya samu wurin shan iska.

Aikin ba wuya in an bi ƙa'ida. Kwami kada ya wuce faɗin mita 1, don hannu ya kai tsakiya ba a taka ƙasa ba. Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa. A tara shi, a riƙa juyawa har zafinsa ya mutu. Latas na yin kamar mako 3 a reno, a dasa da yamma, bayan wata guda a cire. Alayyafo da ayoyo sun fi sauƙi ga sabon shiga. Masu lambun Gyinyase, nan Kumasi, na ɗaukar bokitin ban ruwa biyu mai lita 15, amma dattijo ya ɗauki ɗaya, in ba haka ba bayansa zai gaya masa. Tsutsar kabeji: a daka 'ya'yan darbejiya gram 50 cikin ruwa lita 1, ya kwana, a tace, a fesa bayan la'asar.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ruwan kwata a kan ganyen da ake ci ɗanye. A haƙa rijiya.

Yara masu zane ma suna da rabo. Ruwan sobolo, wato zoɓo, ja ne, ana iya zane da shi. A ɗiga lemun tsami ya ƙara haske, a sa kanwa ya juya wajen kore, sai dai yana koɗewa a rana. Ɓawon albasa da alif na rina farin ƙyalle ruwan ɗorawa. Duma kuwa a sake shi ya hau shinge: a Ntonso, wani gari kusa da Kumasi, da guntun ƙwarya ake sassaƙa tambarin adinkra, alamomin gargajiyar Asante da ake bugawa a jikin ƙyalle, kuma masu sassaƙar sun fi son mai kauri.

Wassalam.
Wasu masu lambu, Kumasi